Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Lahadi, bayan la'asar

Yau a kasuwar Filinge aka ci mini mutunci, ina tsugune ina duba kofaton wata saniya. Nafi'u ne, ɗan Baba Amadu ƙanen mahaifina. Ya zo da fara'arsa, ya gaishe ni kamar abin arziki, sannan ya miƙo mini wayarsa a gaban dillalai.

"Yaya Magagi, kai da ka iya Faransanci, karanta muna wanga. Ni ban gane ba."

Ya gane sarai. Hoton shafin wani littafi ne. An zana zuriyar Tungar Muna tun daga kakanmu Muna da ya sari dajin. Ga Malam Hassan mahaifina, ga matarsa, ga 'ya'yansu a jere: Abdurrazak, Hadiza, Ruƙayya, Haske. Na sa yatsa na ja hoton sama, na ja ƙasa, ko sunana ya faɗa gefe. Babu.

Ni Magagi, ɗan farin Malam Hassan, ni da na yi masa wanka bara na shiga kabari na karɓe shi, ba na cikin 'ya'yansa.

Na mayar masa da wayarsa, na ce wa mai saye saniyar tana da ciwon kofato. Iyakar abin da ya fito bakina ke nan.

Litinin, da hantsi

Ban je aiki ba. Shanun gwamnati da na talakawa su yi haƙuri da allura yau.

Littafin Abdurrazak ne. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a keke zuwa lakwal, makarantar boko. Yanzu Dokta ne, yana koyarwa a jami'a a Yamai, a sashen da suke nazarin al'ummomin Afirka da al'adunsu. Lokacin da suka buɗe sashen, ɗaki guda aka ba su, ɗalibansu ba su cika motar kasuwa ba. Yanzu kowace bazara bas-bas suke sauka ƙasar Kurfai, da na'urar ɗaukar magana da gorar ruwa, babu tsohon da ba su zaunar ba. Har tsofaffin sun gane lokaci, suna ajiye riga mai kyau don zuwansu.

Na yi alfahari da abin, ba zan ɓoye ba. Ranar da ya ce mini, "Yaya, da can Anasara ka zuwa su rubuta mu yadda sunka ga dama, yanzu mu ka rubuta kanmu," sai da na ji tsikar jikina ta tashi. Waƙoƙin niƙa na kakarmu ba don su ba da sun bi ta kabari.

Shekaran bara ya aiko wata ɗalibarsa, Anisa, ta yi hira da Inna kan zuriya. Ni na ɗauko ta daga Tabla a babur ɗina. Ni! Na sauke ta ƙofar gida na tafi duba rijiya. Ta ce wa Inna ta lissafa mata 'ya'yanta, Inna ta lissafa, ta fara daga Abdurrazak.

To daga ina za ta fara? Wace mace ce a ƙasar nan take kama sunan ɗanta na fari? Balle Inna, 'yar Fulanin Bonkuku, wadda kunyarta ta fi ta kowa. Shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Kowa ya san abin da wannan yake nufi. Ko ɗan yaye ya sani.

Litinin, bayan magariba

Na kira Abdurrazak. Sau uku kafin ya ɗauka, wai yana cikin taro.

"Yaya, wallahi kuskure na. Can ƙarshen littahi yake, wurin da ba kowa ka dubawa ba. Mu gyara ga bugu na biyu."

Na ce yaushe?

"Baɗi, in Allah ya so."

Na ce Nafi'u ya duba. Ya yi dariya, ya ce Nafi'u ba ya da aikin yi. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da za a kai mu gaban manya.

Laraba, da azahar

Zafi. Ko ɗigon hadari babu.

Juma'a, bayan sallah

Ruwa ba ya tsami banza. Mai gari ya aiko: Baba Amadu ya kai ƙara kan gonar fadama.

Gonar Muna ce, ba a raba ta. Ƙa'idar gidanmu tun fil azal, babban ɗan wanda ya riƙe ta shi ke karɓa, in yana noma. In babu, ta koma hannun dattijon gida. Mahaifina ya riƙe ta har ya rasu, tun ƙarfinsa ya fara ƙarewa ni nake nomanta, duk Asabar da Lahadi na damina ina can. Yanzu Baba Amadu ya ce babban ɗan Hassan yana Yamai yana riƙe da alli, ba ya noma, ga shi a rubuce. Saboda haka gona tasa ce.

Ni kuma fa? An ce ya ce, "Wancan ai ku tambayi mutanen Bonkuku."

An haife ni a rugar kakannina a Bonkuku, shekarar yunwa, mahaifina yana can kurmi cin rani. Kakata ta wajen uwa ta riƙe ni har na isa shiga lakwal, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan fari. Wannan duk abin da ke akwai ke nan. Sauran abin da yake so mutane su lissafa da yatsunsu, ba zan rubuta shi ba. Akwai kalmar da ake faɗa wa irin wannan ɗan. Ba za ta shiga takardata ba.

Mahaifina yana da rai bai isa ya ko yi tari a kan maganar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙanena ne ya tsaga shi, da alƙalami.

Asabar, da la'asar

Na je ƙauye tare da Salma matata. Inna tana tsince wake a gindin rumbu. Na gaishe ta, ta amsa wa waken. Sannan ta juya wajen Salma.

"A hwaɗa ma mutanen Filinge akwai hura cikin ɗaki. Sun rame."

Mutanen Filinge, ni ke nan. Haka take kirana tun da na kama aiki. Kafin nan "na tsohuwa" nake. Furar da nono mai kauri, irin wanda ba ta ba kowa. Na sha ina jin ta tana yi wa Salma faɗa wai ba ta sa ni in sa hula cikin rana.

Ta ji maganar ƙarar, na gani a yadda take jefa waken. Me zan ce mata? Ba mu taɓa yin magana ba.

Na zaga gonar kafin mu taso. Na riga na yi sassabe, na watsa taki. Ƙasa tana jiran ruwa kawai.

Talata, da safe

Direban motar Yamai ya kawo mini littafin. Abdurrazak ya aiko, har da rubutu a shafin farko: ga Yayana, ginshiƙin gidanmu. Ginshiƙi! Ka buɗe ƙarshe babu ginshiƙin.

Na zauna na karanta. Babi na huɗu shi da kansa ya rubuta, kuma a kan me? A kan kunyar ɗan fari. Shafi sama da ashirin. Yadda uwa ba ta faɗin sunansa, yadda ake ba kaka shi, yadda wannan shirun girmamawa ne ba ƙi ba. Ya kawo maganar wani masani na nan, ya kawo ta wani na can, ya ce wane ya yi kuskure wane ya yi daidai. Faransanci kamar ruwa. Wallahi da wani ne ya rubuta da na ce Allah ya ƙara basira.

Ya san abin har ya koya wa ɗaruruwan yara. Amma aka kawo masa zanen gidan ubansa ya sa hannu, bai ga babu yayansa ba. Ko dai bai duba ba, ko ya duba ya ga sunansa a sama ya ji daɗi. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Salma ta ce in ajiye littafin in ci abinci. Na ajiye shi a kan buhun dusa.

Talata, bayan la'asar

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Baba Amadu tun ina yaro na san idonsa yana kan fadamar nan, bai ba ni mamaki ba.

Alhamis, da yamma

Anisa ta kira ni, tana kuka. Yanzu ta gama, tana koyarwa a wata lakwal. Ta ce ita a Yamai ta tashi, ita ce ta fari a gidansu, kuma uwarta tun safe har dare "Anisa, Anisa" take yi. Ta ce ta karanta abin a aji, amma da ta zauna gaban Inna bai faɗo mata a rai ba.

Ta ce ta ma tambaya. Da ta ga na shigo na ce Inna, sai ta ce, "Wannan fa, Inna?" Inna ta kau da kai ta ce, "Ɗan tsohuwa na." Ita kuma ta ɗauka ɗan wata tsohuwa ne a gidan.

Na ce ta daina kuka, ba ita ta kar zomon ba. Yarinya ce aka aiko ta da na'ura. Wanda ya aiko ta a gidan aka haife shi.

Asabar, bayan isha'i

An yi zaman farko a ƙofar mai gari. Abdurrazak ya zo, da farar mota da takalmi mai rufi. Ni na roƙe shi ya zo, na ce kai ka ɗaura kai za ka kwance.

Da aka ba shi magana sai ya miƙe tsaye kamar yana aji. Ya fara bayanin kunyar ɗan fari: asalinta, ma'anarta, yadda take a wajen Fulani da Hausawa da Zabarmawa. Ga liman, ga mai gari, ga tsofaffin da rabinsu 'ya'yan fari ne, uwayensu sun mutu ba su kama sunansu ba. Mai gari ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ce, "Dokta, wagga ta kaz zo ka koya muna?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Baba Amadu ko motsi bai yi ba, yana jan carbi. Da aka zo kansa ya ce:

"Ni ban yi lakwal ba. Al'ada kau mun san ta. Amma da Anasara yar rubuta wanga abu, da ban kawo shi nan ba, sai mu ce baƙo na, bai san mu ba. To ba Anasara na ba. Ɗanta na cikinta na, sunanai na bisa bango. Kuma anka tambaye ta wane na wanga, tac ce ɗan tsohuwa. Ni tambaya guda gare ni. Abdurrazak, littahinka ƙarya na ko gaskiya?"

Kalma guda nake jira. Ya ce ƙarya, mu tashi, in je in jira ruwa.

Ya gyara tabarau. Ya ce, "Baba, ba za a ce ƙarya ba. An rubuta abin da tac ce daidai, sai dai hwahimtar..."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Amadu. "Kun dai ji."

Kowa a wurin ya san gaskiya. Baba Amadu ya fi kowa sani, shi ya kai ragon sunana Bonkuku a kan jaki, an sha ba ni labari. Amma babu wanda ya buɗe baki. Da can shirun Inna shi ne shaidata, duk wanda ya ji ta tsallake ni ya san ni ne babba. Yanzu an ɗauki shirun an sa a takarda, ya zama babu.

Mai gari ya yi shawara da liman, ya ce bakin da ya sa magana cikin littafi shi zai fitar da ita. Juma'a mai zuwa a kawo Inna, ta faɗa gaban jama'a wane ne ɗanta na fari, da sunansa, da sunan ubansa.

A hanya Abdurrazak ya kama hannuna, wai in gane, in ya ce ƙarya ne a gaban mutane, aikin yara sama da talatin ya zube, kuma dama akwai masu cewa sashensu tatsuniya suke koyarwa. Na ce sake mini hannu.

Lahadi, da hantsi

Ban je kasuwa ba. Ba na son ganin dillalai.

Litinin, bayan azahar

Salma ta ce in bar gonar. Ta ce albashina yana ciyar da mu, ga 'yar gonar tudu. "Kada ka bari a tsai da tsohuwag ga gaban maza ta hwaɗi abin da ba ta taɓa hwaɗi ba. Wallahi kamar a tuɓe ta na. Ka je ka ce ka janye."

Na ce in na janye, me na amsa? Gona kawai na bari, ko har da uba?

Ta tashi ta koma kan aikinta.

Talata, da azahar

Basiratu ta dawo daga lakwal ba ta ci abinci ba. 'Yata, tana aji biyar. Sai da uwarta ta matsa mata ta ce yara suna cewa babanta ba shi da baba, an gani a waya. Ta tambaye ni, "Baba, Kaka Malam ba babanka na ba?"

Na ce babana ne. Ta ce to me ya sa ba a rubuta ba?

Na fita na zauna a kan babur ban tayar ba.

Laraba, da asuba

Salma za ta je ƙauye yau. Ba ni na ce ta je ba. Na dai samo mata wanda zai kai ta.

Laraba, bayan magariba

Ta dawo. Da ƙyar na ciro maganar daga bakinta.

Ta ce ta samu Inna ta riga ta yanke ba za ta je ba, ta ce ko mai gari zai aiko da igiya. Ta ce wanda bai san ɗanta ba bayan shekara arba'in, ba bakinta zai sanar da shi ba. Sai Salma ta ba ta labarin Basiratu. Ta ce da Inna ta gama ji, sai ta ce:

"Shi yac ce in zo?"

Salma ba ta amsa ba.

"To," in ji Inna. "Tunda shi ka so."

Ban ce ina so ba. Ban ce komai ba. Wa ya ji na ce?

Alhamis, da rana

Hadari ya haɗu gabas, iska ta watsa shi.

Juma'a, bayan la'asar

An yi.

Abdurrazak ya iso da ɗalibai biyu da na'urarsu. Wai irin wannan zama ba a cika samunsa ba, yana da muhimmanci a adana. Na ce in na'urar nan ta fito daga mota, zan sa ta cikin rijiyar Muna, shi ma ya bi ta. Ya kalle ni ya ga ba wasa nake ba. Yaran suka zauna cikin mota.

Mutane sun fi na wancan zaman. Har daga Tabla an zo. Mata sun cika bayan darni. Me suka zo gani? Sun san amsar. Sun zo su ji yadda za ta fito.

Hadiza ƙanwata ta riƙo Inna. Inna ta sa baƙin zanenta na zuwa gaisuwar mutuwa. Aka shimfiɗa mata tabarma gefe, ba ta zauna ba. Liman ya yi mata magana a hankali, ya ce babu laifi a addini, shaida ce, Allah ma yana son a tsai da gaskiya. Ta ce ta ji.

Na ɗauka za ta juya baya, ko ta rufe fuska, ko ta faɗa a kunnen Hadiza. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗago kai ta dube ni. Ban san idonta ya yi fari haka ba, ban taɓa ganinsa sosai ba.

"Abdurrahman," ta ce. Sunana na yanka, wanda ko a wurin aiki ba a kirana da shi. "Abdurrahman ɗana na. Shi na na hwari. Ɗan Hassan na, ɗan Muna. Amadu, kai kak kai ragon. Kun ji, ko in ƙara?"

Babu wanda ya ce ta ƙara. Wata tsohuwa a bayan darni ta ce "Subhanallahi" da ƙarfi. Tsofaffin maza duk suka sunkuyar da kai, har mai gari. Baba Amadu ya ce shi dama bai taɓa shakka ba, littafi ne ya rikita shi. Aka shafa fatiha. Gona tawa ce.

Tun ina yaro a Bonkuku nake so in ji yadda sunana zai fito a bakinta. In ta zo ganin gida nakan laɓe bayan bukka ko za ta yi suɓul da baka. Yau na ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abdurrazak yana ta share ido. Ya zo zai rungume ni, na wuce.

Lahadi, da safe

Ruwa ya sauka jiya, mai yawa. Mun yi shuka. Ni da Salma da yara da mutum biyu na gayya. Ƙasa ta sha har ƙasa.

Inna ba ta nan. Hadiza ta ce tun asubar Asabar ta bi motar kasuwar Bonkuku, ta tafi rugar ƙanenta Kawu Kailu. Ta ɗauki ƙwaryarta da tabarmar sallah. Ta ce ba ta iya zuwa rijiya, mata suna kallon bakinta.

Laraba, da azahar

Saƙo daga Yamai, daga Abdurrazak. Sun buga 'yar takarda sun liƙa cikin sauran littattafan, an ƙara sunana. Kuma wai sashen ya yi zama, daga yanzu duk ɗalibin da zai fita ɗaukar zuriya sai ya tambayi maƙwabta ko akwai wanda uwa ba ta faɗa ba. Ya ce abin da ya faru ya zama darasi, har abokan aikinsa na wata ƙasa sun nemi bayani. Yana tambaya ko zan yarda ya rubuta a kai, ba tare da sunaye ba.

Ba tare da sunaye ba! Ai ya ƙware.

Na ajiye saƙon gefe.

Juma'a, da hantsi

Gero ya tsiro, layi-layi. Ban ji komai ba da na gani.

Asabar, bayan magariba

Na je Bonkuku ɗauko ta. Na tsaya kasuwa na sayi goro da sukari da turmin zane. Rugar Kawu Kailu tana nan inda na san ta, sai dai itatuwan sun ragu.

Na yi sallama, ina jira ta kau da kai ta ce wa wani a faɗa wa mutanen Filinge su shigo. Sai ta fito da kanta. Ta dube ni ido cikin ido.

"Maraba, Abdurrahman. Ka zo lahiya? Ina gajiya? Ina Salma da ɗiya?"

Ta shimfiɗa mini tabarma da hannunta. Ta zauna a gabana. Ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni shuka, ta ce Abdurrahman ka sha ruwa, Abdurrahman ga goro. Haka take yi wa ɗan maƙwabta in ya zo gaishe ta. Haka take yi wa mai sayen nono. Kawu Kailu ya tashi ya bar wurin, bai iya zama ba.

Na ce, "Inna, don Allah ki bari."

"In bar mi?"

"Sunan."

"A'a," ta ce. "Ba a maida shi. Ya riga ya hita."

Na ce ta zo mu koma gida, damina ta kama, ɗakinta yana yoyo na gyara. Ta ce sai bayan kaka, ko ta gani. Na ce ban so aka kai ta gaban mutane ba, littafin Abdurrazak ne ya ja. Ta ce Abdurrazak yaro ne, bai san abin da ya yi ba. Ta gyara bakin zanenta.

"Kai kau ka sani. Abu guda nib ba ka wanda ban ba sauran ba, kab biɗi in musanya maka shi da gona. Na musanya. Allah shi sa albarka."

Ta rako ni har bakin shinge, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tayar da babur, ta ɗaga murya don in ji.

"Sauka lahiya, Abdurrahman. Ka gai da mutanen Filinge."